Gajeren Dashe

Tun kafin a kwantar da kujerar asibitin haƙorin, Dattijo ya damƙe hannuwanta gam, kamar wanda aka ɗora kan doki marar linzami.

Turamensa biyu na sama sun daɗe da zubewa. Nama ya koma sai kallo, har jikoki sun laƙaba masa Kaka Mai Gefe Ɗaya. Ya kuma san abin da ya hana shi dashen haƙori: ƙashin wurin ya zaizaye, ga kogon nan na gefen hanci zaune daf a kansa. Doguwar ƙusa ba ta da wurin kamawa sai an huda gefen muƙamuƙi, an ɗaga fatar kogon, an cusa garin ƙashi, a yi wata da watanni ana jira.

Likitar, wadda a haife ya haife ta, ta haska hoton ƙashinsa.

"Baba, in aka ɗaga kogon..."

"A'a, 'yata! Kumburin fa? A hana mutum fyace hanci fa? In fatar ta yage fa? Ai ba ta fi ta cikin ɓawon ƙwai kauri ba!"

Ta ɓoye dariyarta cikin takunkumi. "To, akwai gajeren dashe. Kauri gare shi, ba ya kaiwa kogon, kuma ƙashinka zai riƙe shi."

Dattijo ya ƙura wa hoton ido, ya auna da ɗan yatsa, ya gyaɗa kai.

"Sa shi. Amma don Allah kada kowa ya ji a ginin nan."

Da allura ta matso ya runtse ido. Da injin ya fara kuka ya karanto duk addu'ar da ya iya, har da ta shiga kasuwa. Yana jiran azabar ta iso sai ya ji an ce, "An gama, Baba."

Ya taɓa kumatu, ya ji suna nan. Daɗi ya kama shi, ya yi ta sa mata albarka da leɓe a karkace.

Sannan ya leƙa baranda, ya ga ba kowa, ya faɗa ɗakin da ke kusa. Ya zura farar rigarsa ta likita, ya dubi mutumin da ke ta gumi a kan kujera, ya ce, "Haba, bawan Allah! Ɗaga kogon hanci har abin tsoro ne? Shekara da shekaru ina yi wa mutane!"