Mutumin da Ya Cire Tabarau Kafin Ya Zaɓi Agogo

Ajiye agogon nan mai ƙyalli tukuna, Alhaji, ka ji wani misali.

Wasu aminai biyu, mai hatsi da dillalin motoci, suka koyi nutso a ruwa, goye da tukunyar iskar shaƙa a baya, don nishaɗi kawai. Suka je sayen agogon nutso, wanda ke gaya wa mutum zurfin da ya kai da inda zai dakata in yana tasowa, domin wanda ya taso a guje jikinsa kan shanye, ko ma a rasa shi. Dillali sarkin son a gani ne, ya ɗauki mai maɓallai rututu da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero. Shi kuwa mai hatsi sai ya cire tabaransa ya sa aljihu, don ya san ba da shi zai shiga ruwa ba. Ya sa aka kawo bokiti, ya dama laka a ciki, ya riƙa tsoma agogunan yana leƙawa, mai shago na hararar sa. Dillali har da riƙe ciki don dariya, wai kunu ake damawa? Ko kallonsa bai yi ba. Ya zaɓi wani mummunan ƙato mai maɓalli ɗaya tal, amma lambobinsa ɓaro-ɓaro.

Ranar da suka nutsa a dam, ƙafar dillali ta tayar da laka, ruwa ya yi duhu. Ya kai agogonsa har bakin hanci, ina! Bai ga komai ba. Tsoro ya kama shi, ya zabura zai yi sama. Mai hatsi ya cafko ƙafar amininsa, ya jawo shi, ya manna masa mummunan agogon a fuska. Suka riƙa tasowa sannu a hankali, inda agogo ya ce a tsaya suka tsaya, yana riƙe da shi gam. Da suka fito lafiya lau, mai hatsi ya yi kabbara da ƙarfi, daɗi ya cika shi, ya ce, "To, mutumina, yaya ka ji kunun?" Dillali sai rungume shi ya yi yana hawaye.

Yanzu cire naka tabarau ka zaɓa, Alhaji. Shiga kam kowa ya iya. Hausawa suka ce, iya ruwa fid da kai.