Awarwaron Barira

Tun da aka wajabta wa yara kurame awarwaro mai magana, Barira in ta motsa yatsu sai ya mayar da motsin magana, kowa ya ji. Uwarta Tabawa har sadaka ta yi don murna.

Ran nan Tabawa tana tuƙa tuwo, maƙwabciyarta Gambo ta faɗo gidan ko sallama babu.

"Maman Barira, 'yarki ta zagi 'yata ta uwa ta uba a bakin famfo! Gobe sai Malam ya kore ta daga Islamiyya."

Tabawa ta jawo yarinyar. Yatsunta duk sun kumbura. Barira ta ɗaga su da ƙyar, awarwaron ya ce, cikin muryarsa mai daɗi: "Danne ni yara suka yi, suka lanƙwasa mini yatsu, suna dariya."

Gambo ta ce, "Oho dai! Kowa ya ji muryarta."

Tabawa ta ce, "Astagfirullah." Ta zare awarwaron, ta danna shi a hannun Gambo, ta murɗe mata yatsu yadda ta ga dama.

Awarwaron ya ce, "Ni ɓarauniya ce."

Tabawa ta ce, "To, kin faɗa da kanki. Ɗauko mayafinki mu je wajen Malam."