Ƙarfen Da Ya Koma Gari

Mahaifinta, maƙeri a Ƙofar Wambai, ya girgiza bututun da ta kawo daga jami'a, ya ji gari yana motsi a ciki.

"Ƙarfen da kika haɗa ne ya marmashe? To, karatun nan ya ƙare."

"Baba, iskar haidurojin ya sha. Tana shiga tsakanin ƙwayoyinsa, sai ya farfashe, amma yana riƙe da ita. In ya ji zafi zai sake ta, kuma iska ce mai kama wuta."

Ta tsoma bututun a ruwan zafi, ta kwance bakinsa, ta ƙyasta ashana ta kai bakin.

"Ina wutar?"

"Ba a ganinta da rana." Ta ba shi tsinken tsintsiya. "Sa da hannunka. In ya kama, gobe zan koma jami'a."

Ya miƙa tsinken saman bakin bututun, inda ba a ganin komai. Tsinken ya kama da wuta.