Ƙyallen da Ya Amsa Tambaya a Hanya

Ga ta nan, ga ta nanku, ko da yake kai kaɗai ne a gabana, Barau, gemunka ma har ya soma furfura. Ka ce ta zo mu ji ta mana! Yauwa.

Ka ce kai da abokanka kuna kula da wani dandali a intanet, inda masu rubuta manhajar kwamfuta ke kawo matsalolinsu, kuma kun gaji da masu cewa "abina ya ƙi aiki, ku taimaka," ba su nuna abin da suka rubuta ba, ba su faɗi abin da suka gwada ba. Gobe za ku yanke shawara ko a riƙa share tambayoyinsu ana rufe musu ƙofa. Ni ban san kwamfuta ba, ɗana, amma na san karofi, inda ake rini. Gyara zama.

A wani gari an yi marina da suka yi suna. Kullum da hantsi sukan zauna gindin tsamiya a bakin karofi, duk wanda rini ya gagara ya zo ya tambaya kyauta. Da labari ya bazu sai masu tambaya suka yi yawa, kuma goma cikin goma bakinsu ɗaya: "Rinina ya ƙi." Marina suka gaji, har wasu suka ce a gitta kara a hanya kowa ya huta. Ana cikin wannan shawara sai ga wani manomi daga ƙauye, ya yi tafiyar rabin yini, hannu biyu ba komai. Ganyen baba na rini da ya noma shekara guda cur ya zuba a rijiyar rini da ya haƙa da kansa, ya sa toka, ya juya da muciya kwana da kwanaki. Ya ce rini ya ƙi, kuma in ya koma gida kwashe rijiyar zai yi ya zubar. Wani marini mai kaifin baki ya ce, "Ya ƙi me? Ya ƙi cin tuwo ne, ko ya ƙi gaida surukai?" Aka kwashe da dariya, manomi ya sunkuyar da kai ya juya. Sai dattijon cikinsu ya kira shi ya ce, "Malam, dakata. Bakinka ya zo, rininka bai zo ba. Kada ka taɓa rijiyar nan. Je ka tsoma ƙyalle ɗaya, kada ka yi masa komai, ka kawo mana yadda ya fito."

Washegari da sassafe manomi ya tsoma ƙyalle. Ya fito tsanwa-tsanwa kamar miyar kuka, yadda ya saba fitowa. Don kunya bai ma so ya ƙara kallonsa ba. Ya ɗaura shi a kan sanda, ya saɓa a kafaɗa, ƙyalle yana lilo a bayansa har gari. Da isowa gindin tsamiya ya ce, "To, ga abin kunyar, ku gani da idonku," ya juyo da sanda. Ƙyalle ya yi shuɗi kyakkyawa, sai ka ce daga hannun gwani ya fito! Manomi ya dubi ƙyalle, ya dubi sanda, ya waiga hanya ko wani ya musanya masa. Dattijo ya tambaye shi da can me yake yi in ya ga tsanwa. Ya ce maza yake jefa zanen cikin ruwa ya wanke, don kada ya lalace. Nan fa marina suka yi ta dariya har da riƙe ciki, shi ma ya taya su. Ashe rijiya lafiyarta ƙalau. Baba ne ba ya nuna launinsa sai ya sha iska. Hanya ta yi masa abin da gaggawa ta hana.

Tun daga ranar ba a gitta kara ba. Wanda ya zo hannu biyu, a ba shi ruwa ya sha, a ce ya koma ya kawo ƙyalle. Wasu ba sa dawowa, don wajen tsoma ƙyallen suke gano kuskurensu. Ƙyallen manomi kuwa aka ɗaure shi a reshen tsamiya, duk mai kukan tsanwa a nuna masa da baki, a huta da maimaici. Shekara uku bayan haka, manomin nan da kansa yake zaune a gindin tsamiya yana cewa baƙi, "Ina ƙyallenka?"

To, Barau, gobe kafin ka ɗaga hannu a rufe ƙofa, ka ce a fara aika mutum ya kawo ƙyallensa. Ba banza ba Hausawa suka ce gani ya kori ji.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, shi ma da shuni a gashin baki.