Gefen da Aka Yanke

Baƙin layin ya fito a inda bai kamata ya fito ba.

Ta ɗaga hoton gwajin a tagar da ke kallon kogin Danube, ta ƙura wa sahun ƙarshe ido. Ƙwayoyin halittar da ke wannan sahu, da hannunta ta cire musu furotin ɗin da ke tayar da aikin ƙera sauran furotin. Babu shi a cikinsu sam. Amma sinadarin garkuwar da Farfesa ya tace daga jinin zomo, wanda ya rantse wannan furotin kaɗai yake kamawa, ga shi ya kama wani abu; baƙin layin nan ne shaida. Ashe duk shekarun da ta yi a ƙarƙashinsa tana neman digirin digirgir, wani abin daban take bi.

Ta same shi a ofis yana cin burek, wani gasasshen fulawa mai nama a ciki, maiƙo har kan takardu.

"Farfesa, sinadarin nan ƙarya yake mana."

Ko hoton bai karɓa ba. Ya goge yatsu, ya jawo aljihun tebur, ya miƙo mata almakashi.

"Haba 'yata, sahu ɗaya ne zai hana ki zama dakta? Yanke shi mana. Ko ke kaɗai ce mai ido a ginin nan?"

A bango, bayan kansa, hoton gwajin da ya yi masa suna yana rataye cikin gilashi. Saboda wannan hoton ta bar aikin asibiti ta biyo wannan mutum. Kullum tana ganin hoton, amma sai yau ta lura gefensa na dama a karkace yake, irin karkatar da almakashi ke bari idan hannu yana sauri.