Rijiyar Sodangi

Ba ruwa Maigandi ya rasa ba. Suna ne ya tsaya masa a maƙogwaro.

Shekaru kaɗan bayan Nasara sun ci Sakkwato, mahaifinsu ya rasu, aka raba gidansu na Ƙofar Dundaye biyu. Rijiya ta faɗa a rabon ƙanensa Sodangi, mahaucin da ciniki ya buɗe wa tun da ya fara kai nama bariki. Sodangi bai taɓa hana kowa jefa guga ba. Amma duk safiyar da Maigandi ya ji masu ɗiban ruwa suna cewa, "Mu tai rijiyas Sodangi," sai zuciyarsa ta yi kamar an aza ta bisa garwashi.

"Maigida, mi ar ruwanka da suna?" in ji matarsa Sadiyatu. "Ga randunanmu cike."

"Ni ab babba. Ni nit taya Baba gina ta, shi ko shina goye."

Ya kai ƙara gaban alƙali, takardar rabon gado ta ba Sodangi gaskiya. Ya ɗaukaka ƙara, aka sake kayar da shi. Kuɗin sammaci, ladan magatakarda, goron shaidu: jakinsa ya tafi, saniya ta bi, har tasoshin auren Sadiyatu.

Daga ƙarshe alƙali ya aiko aka kafa turaku a kan iyaka, ya ce wanda ya taɓa su, shari'a ya taɓa.

Sodangi ya zo ya durƙusa. "Yaya, a bari haka nan. In don suna na, a kira ta rijiyab Baba."

"Riƙe sadakakka," in ji Maigandi.

Da rana tsaka, a gaban jama'a, ya tumɓuke turakun ya watsa su cikin rijiyar.

Kafin la'asar dogarai sun gurfanar da shi. Alƙali ya dube shi ya ce, "Jiya da ƙanenka kaka shari'a. Yau da ni kaka yi."

Aka yanke masa wata shida a gidan yari, da kuma tara, wadda babu abin biyanta sai rabonsa na gidan. Aka sa rabon a kasuwa. Sodangi ya saya, don kada a fitar da Sadiyatu da 'ya'yanta.

Ranar da aka sako shi, ya iso ƙofar gida a rame, ya tarar da wani baƙo yana waige-waige.

"Malam, don Allah, nan na gidan Sodangi?"

Maigandi ya daɗe yana kallon zauren da ya koyi tafiya a cikinsa.

"Nan na," ya ce.

Ya kai mai karatu, hassada ba ta rage wa ɗan'uwanka komai, naka take ci. Kuma in shari'a ta yanke, ka tsaya inda ta tsayar da kai, don wanda ya raina hukunci har abin da ke hannunsa sai ya rasa.