Sunan da ke Ƙarƙashin Benci

Yana kankare man ƙyallin da ya dafe a ƙarƙashin bencin jirgin ruwan da aka dawo da shi gyara, sai rubutun fensir ya bayyana. Shi ya yi aikin katakon nan shekara goma sha biyu baya, a bakin Kogin Nilu. Al'adar maigidansa ce ya rubuta sunan mai aiki a lungu kafin a shafa man ƙarshe, kuma kullum lokacin yake aikensa sayo shayi.

"Na sa naka, ɗana," yakan ce.

Ya hure ƙurar, ya karanta. Sunan ɗan cikin maigidan ne, wanda bai taɓa riƙe samfefa ba.

Tsohon maigidan nasa ya leƙo daga waje. "Yalla, maza, ɗana, je ka sayo shayi. Ni zan ƙarasa."